Masu Juya wa Teku Baya

Unguwar Masallaci,
kusa da Matara,
9 ga Afrilu.

Zuwa ga Naleefa, Umman Rimzan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, kuma sanyin Gampola bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Ki gaida yayarki da mijinta. Ni ina nan yadda kika sani, sai haƙori ɗaya da ya ƙara tafiya. Za ki ce me ya hana ni kira. A waya kina katse ni, takarda kuwa dole ki bari in ƙarasa.

Ɗanki ya dawo, amma kada ki yi murna tukuna. Daga Bali ya sauka, da jaka ɗaya da kwamfuta. Har yanzu yana wa kamfanin nan na Jamus aiki, wanda bai taɓa ganin ƙofarsa ba. Ya rungume ni, ya ci tuwon pittu da miyar kifi, sannan ya duba wayarsa ya ce mini, ni ubansa, “Wappa, intanet ɗin gidan nan ba zai ɗauki aikina ba. Na kama ɗaki a wajen Nalaka.” Yaron da aka yanke wa cibiya a garin nan ya zo shi a matsayin baƙo mai haya.

Kin tuna Nalaka, wanda na riƙe shekara biyu a aji ɗaya lokacin ina hedimasta? Shi ne babban mutum yanzu. Ya gina gidan bene a bakin ruwa don irin su Rimzan, samari da 'yan mata daga kowace ƙasa, masu aiki a kwamfuta ba takalmi a ƙafa. Itatuwa masu ƙaya da na dasa da ɗalibaina bayan ambaliyar tsunami, ya sare su duka, ya baje tudun rairayin, ya shimfiɗa dandamalin katako a wurin. Da na yi magana ya ce, “Hedimasta, baƙi teku suka zo gani, sun bar ƙaya a ƙasarsu.” Ya sa aka kawo mini shayi kyauta, kamar mai bara.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tun ranar da ruwa ya ɗauki Farwin, ƙanwar Rimzan, daga hannunki, kin san babu mai zama a garin nan ya ba teku baya. Bencin mai shayi an juya shi. Mata masu gyaran kifi suna fuskantar ruwa, tsofaffi masu karta ma haka. Ba wanda ya kafa doka, jiki ne ya koya. To, jiya na hau dandamalin Nalaka na tarar da mutum wajen ashirin a jere, kowa ya juya wa teku ƙeya. Ɗanki ne a can ƙarshe, mafi kusa da ruwa. Wai sai sun zauna haka kyamara za ta nuna tekun a bayansu, abokan aikinsu da ke cikin sanyi su gani su yi sha'awa. Kowa kuma ya kifa wani abin ji a kunnuwansa, irin wanda ke kashe duk wata ƙara ta waje. Na tsaya kusa da shi na kira sunansa sau uku, bai ko ɗaga kai ba.

Damina na tafe. Ke kaɗai yake jin maganarki. Ki kira shi.

Naki,
A. C. Jiffry


27 ga Afrilu.

Naleefa,

Assalamu alaikum. Ina fata kin samu sauƙin tarin da kika ambata. Alewar dodol da kika aiko ta iso, Rimzan ya raba wa baƙin Nalaka, suka yi ta ɗaukarta hoto kafin su ci.

Kin ce kin kira shi ya ce miki “To, Umma.” Ni ma ya ce mini “To, Wappa.” Kujerarsa tana nan inda take.

Ranar Juma'a bayan masallaci na tsare shi a hanya. Na ce, “Kai, shekararka shida ranar nan, a kafaɗata ka tsira. Ka manta?” Ya ce, “Wappa, duk abin da na sani na ranar ku kuka ba ni labarinsa. Na gaji da zama ɗan wanda ruwa ya ci ƙanwarsa.” Sai ya yi dariya ya nuna shagon Zarook mai aski. Ya ce ai kujerar Zarook ma baya ta ba teku, madubi ne ke nuna masa ruwan, shi ma allon kwamfutarsa madubi ne, yana ganin kansa da duk abin da ke bayansa. Na ce madubin Zarook ya kai faɗin ƙofa, nasa hoton kuwa bai wuce kan sarki na wasiƙa ba. Ya ce, “Hedimasta ya ci gardama, a tafa masa.” Ya sumbaci hannuna ya hau babur.

Na yi digiri a kan labarin ƙasa, na koyar da shi shekara talatin. Yau 'yan matan Nalaka suna ce mini kawu, suna roƙona in tsaya kusa da kwalekwale da zanena su ɗauki hoto. Amfanin karatuna ke nan.

Tekun ya yi lumui kwanan nan, ko iska babu, kuma wannan ne ba na so. Kin san irin raƙuman ruwan da ke zuwa daga nesa a wannan lokaci, rana tsaka, sama garau, ba sallama. Masunta sun fara jan kwalekwalensu har bakin titi. Ƙaguwa suna shigowa tsakar gidanmu. Nalaka kuwa ya ƙara jeri ɗaya na tebura a gaba, don baƙi sun yi yawa.

Na san kin yi rantsuwa ba za ki ƙara ganin teku ba. Shekara ashirin ban roƙe ki ki karya ba. Yau ina roƙo. In ya gan ki a tsaye a kan katakon nan, zai tashi.

Naki,
Jiffry


12 ga Mayu.

Naleefa,

Assalamu alaikum. Ki zauna kafin ki karanta, amma ki sani tun farko yaronki yana da rai, ƙafarsa ce kawai ta yanke, an ɗinke a asibiti. Na ji ya ce miki a waya faɗuwa ya yi da babur. Ƙarya yake, don kada hankalinki ya tashi.

Ranar Talata da la'asar ina kan bencin mai shayi, sai na ga ruwa ya ja baya fiye da yadda ya saba, duwatsun da ba a gani sun fito. Ba irin na waccan ranar ba ne, amma nan take na gane shi. Duk mutanen benci suka miƙe tare. Muka yi ta ihu muna nuna dandamalin. Zarook ya fito da almakashi a hannu yana kiran sunan Rimzan kamar maƙogwaronsa zai tsage. A can sama kuwa mutum ashirin suna ta murmushi ga kwamfutocinsu.

Rimzan ya gaya mini sauran daga baya. Yana cikin taro da mutanen kamfaninsa, sai ya ga wata mata a Jamus ta miƙe tana ɗaga hannu biyu, bakinta a buɗe, amma ta manta muryarta a kashe take. Ya ɗauka gaisuwa ce, shi ma ya ɗaga mata hannu. Sai da ya ga dukansu sun zaro ido ya dubi ɗan hoton kansa, ya ga sararin sama ya ɓace a bayansa. Ya yi tsalle ya kama ƙarfen matakala. Ruwan ya wuce ta kansa, ya kwashe tebura, ya karya wa wata yarinya 'yar Rasha hannu, ya koma.

Ni ban kai ko tsakiyar titi ba. Ƙafafun nan da suka ɗauke shi a guje yana yaro sun tsaya mini a kwalta.

A asibiti na zaci zan tarar da shi yana rawar jiki. Na tarar da shi yana kallon hoton abin a waya, don kamfanin yana naɗar taronsa. Ya ce, “Ka gani, Wappa? Madubina ya yi aiki.” Na fita waje don kada in mare shi a gaban majinyata.

Wasiƙarki ta zo washegari. Kin ce kin kai har tashar jirgi, ƙafarki ta ƙi hawa. Ban ga laifinki ba.

Naki,
Jiffry


30 ga Mayu.

Zuwa ga Naleefa, uwar 'ya'yana biyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kina kuma samun barci. Ki gaida mutanen gida.

Nalaka ya gyara dandamalinsa cikin mako ɗaya. Hoton nan ya zaga duniya, yanzu ɗakunansa a cike suke duk da damina. Darasin da ya ɗauka shi ne ya ɗaure tebura da kujeru a katako da noti, don kada ruwa ya sake kwashe masa kaya. Ko mutum ya so juya wurin zamansa yanzu, ba hali.

Rimzan ya koma wurinsa na ƙarshen layi. Shugabansa ya ce tekun da ke bayansa yana firgita ma'aikata, ba sa iya sauraron taro, don haka ya rufe shi. Akwai wani maɓalli da ake dannawa, duk abin da ke bayan mutum ya zama dishi-dishi, fuskarsa kaɗai ta fito. Ya nuna mini yana murna. Na duba allon, Naleefa. Ga ɗanmu tas, bayansa kuwa ba ruwa, ba sama, ba komai. Na ce, “Ina madubin naka?” Ya ce, “Wappa, abu ɗaya ba ya faruwa sau biyu a wata ɗaya.” Ya mayar da abin kunnensa.

Na daina gardama. Na ɗauko kujerar roba daga gida na ajiye a gaban teburinsa, bayan kwamfutar, inda kyamara ba ta kama ni. Yana kallon allo, ni ina kallon ruwa ta saman kafaɗarsa. Na ɗaura igiyar kamun kifi a ƙafar gilashin shayinsa, ɗaya bakin a hannuna, in na ja zai zube masa a cinya ya ɗago. Nalaka ya zo ya ce, “Hedimasta, wurin nan na masu aiki ne.” Na ce masa aiki nake yi. Baƙin sun ɗauka addu'a nake, suna wucewa a hankali.

Ina zuwa tun hantsi, ba na tashi sai ya rufe kwamfuta. Salla ma a nan nake yi, in ya fita cin abinci. Masunta sun ce babban ruwan bai zo ba tukuna. Na auna tsakanin teburinsa da matakala, shi zai kai in na ja igiyar da wuri. Ni kin riga kin ji labarin ƙafafuna.

Kada ki sake zuwa tasha. Ki zauna inda kike, ɗayanmu ya isa. In Rimzan ya zo miki Gampola shi kaɗai, ki ba shi abinci, kada ki yi masa faɗa.

Wassalam.

Mijinki,
Abdul Cader Jiffry