Bangon Ajin Lahadi

Lahadi, 2 ga Maris
Bayan sujada Fasto ya sanar cewa ni zan jagoranci neman gudummawar gyaran majami'a. Na yi murna har kunya ta kama ni. Ginin ya haura shekara ɗari, a cikinsa aka ɗaura auren kakata. Na ce zan rubuta wa duk wanda ya taɓa zama a ajin Lahadi, ko ina yake a duniya. Yarana na aji sun yi alkawarin liƙe ambulan.

Laraba, 5 ga Maris
Magini ya zo duba gini. Ya zura hannu cikin tsagar bangon ajinmu har wuyan hannu, ya ce, "Malama, wannan bangon addu'arku ce kawai ke riƙe da shi. Rushewa za a yi, kafin damina."
A wannan bangon muke auna tsawon yara duk farkon shekara, tun zamanin malamar da ta koyar da ni. A ja layi da fensir, a rubuta suna. Na 'yata Auta yana nan kusa da taga. Layi huɗu, daga nan babu. Shekara shida ke nan da muka binne ta.

Asabar, 15 ga Maris
Wasiƙu tamanin, duk an liƙe. Suna cikin jakata.

Lahadi, 23 ga Maris
Fasto ya tambaya ko amsa ta fara zuwa. Na ce mutanen yanzu ba sa saurin amsa wasiƙa. A bakin ƙofar majami'a na faɗi haka, ni da ke koya wa yara kada su yi ƙarya.
Da aji ya watse na tsaya share allo. Sai na ji kamar akwai wanda ya jingina da bango a bayana, yana jira a auna shi. Ban juya ba. Auta takan ɗaga dunduniya a ɓoye, ta ce, "Mama, ai a ƙasa nake." Layin ƙarshen nan ya fi ta tsawo da yatsa biyu. Na gani a ranar, na ƙyale ta.

Alhamis, 27 ga Maris
Baban yara ya ɗaga jakata zai ɗauki makulli, ya ce, "Ke, bulo kika fara tarawa a ciki?" Ya leƙa, ya ga ambulan. Ya mayar da zif a hankali, ya ajiye jakar. Da ma faɗa ya yi.

Lahadi, 30 ga Maris
Muna cikin waƙa wani ɓangaren shafen bango ya ɓalle daga sama, ya faɗo kan bencin gaba. Girmansa ya kai faranti. 'Yar mai ɗinki ce ke zama a wurin, Allah ya sa ta fita shan ruwa. Yara suka yi dariya, wai bango ma ya gaji da muryarsu.
Uwarta ta riƙe hannuna tana cewa, "Sannu Malama, ke kaɗai ke wahala a kan ginin nan." Na kasa kallon idonta.

Litinin, 31 ga Maris
Na kai wasiƙun gidan waya, duka. Aji ya koma ƙarƙashin bishiya.

Asabar, 26 ga Afrilu
Amsa na ta zuwa. Wata tsohuwa da ta bar garin tun ina jaririya ta aiko da abin da ya sawwaƙa, ta rubuta cewa layin ƙaninta da ya rasu yana yaro ma yana bangon, can ƙasa-ƙasa. Na je na tsuguna na nema. Ashe yaran da layinsu ya tsaya a hanya sun kai goma sha ɗaya. Duk shekarun nan nata kaɗai nake gani.

Talata, 13 ga Mayu
Yau aka rushe bangon. Baban yara ya roƙi magini a asirce ya yanko mini wurin da ke kusa da taga. Bawan Allah ya yi ƙoƙari, ya bi da kurfi, ƙarfen sassaƙa, a hankali, amma shafen ya tsufa. Yana ɗora mini a tafin hannu ya marmashe. Ya ce, "Yi haƙuri, Malama." Na ce ba komai, na taya su kwashe benci.
Na dawo gida da farar ƙura har cikin farce. Yara na jiran abinci, na wanke hannu da sabulu na ɗora tukunya. Sai da ruwa ya tafasa na tuna abin da na wanke.
Ban yi kuka ba. Gobe zan je zaɓen fenti.