Ruwan Buta a Ma'aunin Achika

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Yau na yi ruwan sama da hannuna. Ni Dabo, mai satifiket ɗin firamare da gara ta cinye rabinsa.

'Yata Hidaya ce ta jawo. Tun da ta fara karatun kwamfuta take cikin wasu 'yan sa-kai na intanet masu gina manhajar da ke kwaso bayanai daga wurare daban-daban ta zuba su wuri ɗaya. Kyauta, wai kowa ya kawo gudummawarsa. Na ce to gayya ce ke nan, sai dai ba fura. Nata kason shi ne wata ƙofa da ke karɓar saƙon manoma ta waya. Ƙungiyarmu ta manoma ke gwadawa: an kafa ma'aunin ruwa a Achika da Lajawa da Ɗankaza, inda ruwan shuka ya sauka can taraktarmu guda ɗaya za ta fara. Na Achika a gonata yake.

Na je da safe, ko raɓa babu. Ina alwala, buta a hannu, Shaiɗan a kunne. Na tsiyaya ruwan a ma'aunin, na ɗauki hoto, na tura. Wallahi da dariya na yi.

Laraba, 18 ga Yuni

Tarakta ta zo Achika. Ƙasa kamar siminti. Direba ya ce, "Malam Dabo, wannan ruwan a mafarki aka yi shi?" Na ce gonata ce akwai ƙishi. Ashe Lajawa ce ta sha ruwan gaske. Gonar Haladu, wani manomin can, ta jira har damshin ya tafi, tarakta kuma ta wuce wata ƙaramar hukuma aikin haya.

Juma'a, 20 ga Yuni

Na ga Haladu a kasuwa, na shige rumfar masu tukwane. Na taya tulun da ba na so har ya wuce.

Lahadi, 22 ga Yuni

Abin ya fita daga Wudil. Wata mata a Kenya, cikin masu duba aiki kafin a karɓa, ta gwada alƙalumanmu da na tauraron ɗan'adam, ta ce ba su jitu ba. Sun ce ƙofar Hidaya na rikita garuruwa, tana kai ruwan wani gari wani gari. An dakatar da aikinta sai ta gano matsalar. In ba ta gano ba kafin a fitar da sabon samfurin manhajar, za a cire.

Ba ta ci tuwo ba. Matata Lubabatu ta ce, "Malam, ka yi wa 'yarka magana mana." Na ce kwamfuta ai ba ta jin Hausa. Ba wanda ya yi dariya.

Talata, 24 ga Yuni

Tana neman kuskure a inda babu shi. Ni kuma kuskuren ina zaune a tabarma ina shan koko.

In na faɗa, ba a ɗaki zai tsaya ba. Mutanen nan komai a fili suke rubutawa, kowa a duniya ya karanta. Daga nan sai Alhaji Isyaku shugaban ƙungiya, daga shi sai majalisar mai shayi. In na yi shiru, yarinya ta ɗauki laifin buta.

Ta ce, "Baba, ko dai ban iya ba ne?" Na ce zafi ne ya yi yawa. Ubanta ke nan.

Alhamis, 26 ga Yuni

Na faɗa mata. A tsaye, ina zuba wa akuya dusa, don kada mu haɗa ido.

Ta ce, "Da butar alwala, Baba?" Da ta zage ni ma da ya fi sauƙi, amma ba ta iya ba.

Asabar, 28 ga Yuni

Ta rubuta musu. Ba ta sa sunana ba, ta ce "wani mai tura rahoto". Na ce Allah ya yi miki albarka. Ta ce ai Achika mai rahoto ɗaya gare ta.

Ba su yi faɗa ba, abin da ya ɗaure min kai ke nan. Wani a Brazil ya ce matsala ce mai kyau. Mai kyau! Suka taru suka ƙara sabon abu: in rahoton gari ya saɓa da na maƙwabta da na tauraron ɗan'adam, manhaja ta riƙe shi sai mutum ya duba. An karɓi aikin Hidaya. Ta ce ni ma na ba da gudummawa. Ban gane ko yabo ne ba.

A wurin mai shayi sunana yanzu Hadari.

Talata, 1 ga Yuli

Na je Lajawa. Haladu ya amsa gaisuwa har ƙarshe, ya ba ni ruwa, bai ce komai kan tarakta ba. Gonarsa ce kaɗai ba a yi wa huɗa ba a layin, a na maƙwabta gero ya fara leƙowa.

Na tanadi barkwanci tun daga hanya, mai kyau kuwa. Ban yi ba. Ban san dalili ba, wataƙila gajiya.

Na ce gobe zan kawo shanuna da garma. Ya dubi gonar, ya dube ni, ya ce, "Tana da faɗi fa, Dabo."

Na gani. Gadon bayana ma ya gani.