Ranar da aka fitar da ɗanki daga fili

Yaya Azumi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ki yi mini afuwa da na zo miki da damuwata alhali ke ma kina da taki. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara, Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa. Mu nan unguwar Ulaisha a ƙasar Larabawa alhamdulillah. Baban yara yana kan hanyar Dammam da babbar mota, sai ya yi makonni ban sa shi a ido ba, ni da bango muke wuni.

Maganar ɗanki ce, babban nan na wajena. Kin san ya shiga wasan nan na Amurkawa, besbol, inda ɗaya ke jefa ƙwallo mai tauri, ɗaya ya buga da sanda. Shi ne mai jifan ƙungiyarsu, kuma duk garin nan a can kaɗai yake da abokai. Kwanaki na lura idan ya yi kabbara hannunsa na dama ba ya kaiwa kunne, sai kuma na kama shi yana shan ruwa da hagu. Da na matsa, ya ce gwiwar hannun ce ke zafi, amma ya ba ni amana kada in faɗa wa mai horar da su, Malam Idrisu na ofishin jakadanci, sai an gama wasan ƙarshe. Na yi shiru, shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin alkawari.

Ranar Asabar matar Malam Idrisu ta tafi da ni filin. Da farko jifansa na tafiya daidai, daga baya ya fara kaucewa, ina ganinsa yana ɓoye hannun a baya yana murzawa. Malam ya je ya tambaye shi, ya ce lafiyarsa ƙalau, aka bar shi. Yaya, ni da ban taɓa kama sunan yaron nan ba saboda kunyar ɗan fari, sai ga ni tsaye cikin Turawa da Larabawa na ƙwala masa kira da sunansa, na ce wa Malam ya cire shi, hannunsa ba lafiya. Aka cire shi, aka sa wani, aka cinye su.

Daga baya Malam ya ce mini babu abin da ya fi ba shi wuya kamar wannan: in ya cire yaro da wuri ya karya masa zuciya, in ya makara ya karya masa hannu, kuma yaro ba ya taɓa cewa ya gaji. Likita ya ce hutu zai warkar da shi. To amma tun ranar ba ya ce mini komai sai tayyib, wato "to" da Larabci, ya rufe ƙofa. Abincin da muke ci tare yanzu ni kaɗai nake ci. An ce ciwon ɗa na uwa ne, amma mun karanta abin da aka faɗa a kan mai cin amana, kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Ki tambayar mini malamin unguwarku, Malam Saidou, ko akwai kaffara a kaina. Ki kuma kira ɗanki, yana jin maganarki, ko da rabinta da Larabci zai amsa.

Ki gaida Inna, da Kawu Talle, da Rufaida da mai jego. Don Allah ki amsa mini da wuri, ba ni da wanda zan tambaya a nan.

Ƙanwarki,
Muhibba