Waƙarka da Jan Zakaran Rahila

Zuwa ga ɗana Nomau, wanda mutanen waya suka sani da wani suna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da 'yan jikokina. Mu nan da sauƙi. An fara yankan dawa, masara ta shiga rumbu, waken suya ne bai yi kirki ba, don ruwa ya ɗauke da wuri. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Bayan gaisuwa, maganar sabuwar waƙarka ce ta sa na ɗauki biro. Sau huɗu ina kiranka a kanta. Sau biyu ba ka ɗauka ba, sau ɗaya ka ce kana kan hanya, na huɗun kuwa ka yi dariya ka ce, "Inna, waƙa ce fa kawai." To, tun da ba a ɗaka ka rera ta ba, ni ma ba zan yi tawa maganar a ɗaka ba. Na roƙi matar Fasto ta sa mini wannan takarda a Fesbuk, inda kake sa waƙoƙinka, masu yi maka tafi su karanta tare da kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari in fara da laifina. Ranar da na fara jin waƙar nan a kasuwar Funtua nake, a shagon wani ɗan kudu mai sayar da kayan babur. Na tsaya cak, na ce masa muryar ɗana ce. Mutumin ya fito mini da kujera, ya saya mini ruwan leda, yana ta cewa, "Mama, kin haihu!" Na dawo gida kaina ya fi ƙofa girma. Da zumuntar matan cocinmu ta ce za ta koyi waƙar, ni ce na fi kowa rawar jiki. Ka san shekara goma sha tara tulun kiɗan zumunta yana hannuna. Lahadi shida na buga wa waƙarka tulu. Kiɗan nake ji, ban tsaya na saurari abin da bakina ke faɗa ba.

Ƙanwarka Rahila ce ta buɗe mini kunne.

Ka san 'yarta Murna da sikila aka haife ta. Shekararta biyar, amma in ciwon ya motsa sai ta naɗe kamar tabarma, tana kiran ƙafa, ƙafa. Suna da ranar ganin likita a Malumfashi kowane wata. Ashe wata biyu Rahila ba ta kai ta ba, ban sani ba. Ashe akuyarta guda, wadda na ba ta da ta haihu, ta kai ta coci baiko, ban sani ba.

Wata ranar Lahadi da safe na gamu da ita a hanyar coci, wajen gonar audugar marigayi babanku. Ta goyo Murna a baya, yarinyar ido ya yi fari fat. A hammatarta kuwa jan zakara, an ɗaure masa ƙafafu da igiyar rama. Na ce ina za ki da shi? Ta ce, "Inna, akuyar ce ba ta isa ba. Ba ki ji abin da Yaya ya ce a waƙa ba?"

Nomau, nan na ratse daga hanya. Na zauna a kan kunya, a tsakiyar gona, da zanen zumuntata.

Kai a coci aka haife ka, ba ka san abin da na gani ba. Ni a gidan tsafi na tashi. Ina 'yar shekara tara ƙanena Ɗari ya kwanta ciwo. Kakanka ya kama jan zakara, ya ɗaure masa ƙafafu da rama, ya sa shi a hammata kamar yadda Rahila ta yi, ya nufi gindin tsamiyar da ke bayan gidanmu. Aka yanka, aka zuba giya. Ɗari bai tashi ba. Mai tsafi ya ce zakara ya yi kaɗan, iskoki baƙin bunsuru suke so. Aka kai bunsuru. Ɗari ya mutu ranar kasuwar Danja. Sai aka ce ai uwarsa ce ta yi rowa, ta ɓoye wata tunkiya a gidan iyayenta. Shekara uku mata ba sa cin tuwo a ƙwarya ɗaya da kakarka.

Daga baya wani mai bishara ya riƙa zuwa ƙauyenmu a kan keke. Kakarka ta tare shi da tambaya ɗaya: shi wannan Yesu me ake yanka masa? Mutumin ya ce, "Ba komai, Baba. Shi ne aka yanka dominki. Ki zo hannu wofi." Kakarka ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka binne Ɗari. Wannan ita ce bisharar da ta fitar da gidanmu daga gindin tsamiya. Yau kuma ga jikarta da jan zakara a hammata, ta nufi coci, kuma jikanta ne ya nuna mata hanya.

Na karɓe zakaran na kai gida. Washegari na goya Murna, muka hau babur zuwa asibiti. Sai da aka ƙara mata jini. Ma'aikaciyar jinya ta dube mu ta ce, "Da kun ƙara kwana biyu fa?" Ba ta ƙarasa ba, ba ma bukatar ta ƙarasa.

Da muka dawo na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na sayi littafin rubutu, na kunna waƙarka a waya, in ji layi ɗaya in tsayar in rubuta. Sannan na ɗauko Littafi Mai Tsarki. Ka san karatuna. Na haura arba'in kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau da yatsa nake bin layi. Mako uku ya ɗauke ni. Inda na rasa wuri, matar Fasto ta nuna mini sura, ni kuma in karanta da kaina.

Baitin farko ba ni da magana a kansa. Ka ce Yesu ya mutu saboda zunubanmu, aka binne shi, rana ta uku ya tashi. Na same shi haka a wasiƙar fari zuwa ga Korintiyawa, sura goma sha biyar. Na sa masa alama da jan biro, na ce madalla. Da a nan ka tsaya, da har gobe ina buga maka tulu.

Sai ka shiga baiti na biyu ka ce:

"Kawo naka ya ba ka nasa,
hannun da ya miƙa shi ke warkewa."

Amshin kuma, wanda yara ke rerawa har a bakin rijiya:

"Gidan mai bayarwa ciwo ba ya kwana,
rumbun mai bayarwa gara ba ta ci."

Na nema, Nomau. Da gaske na nema, don ina so in same ka da gaskiya. Na ga inda annabi Malakai ya yi magana a kan kawo zakka. Na ga inda Ubangiji ya ce mu bayar, za a ba mu. Ba ni da faɗa da bayarwa. Ranar godiyar kaka zan ɗauki damin dawata a ka in kai gaban bagade kamar kowace shekara. Amma ban ga inda aka ce da baiko ake sayen lafiya ba. Abin da na gani a Afisawa sura biyu shi ne ceto kyauta ne, ba ladan aiki ba, don kada wani ya yi fahariya. Na ga ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu. Me ya miƙa? Hannuwansa ma a kafe suke. Na ga manzo Bulus, wanda ya ba da ransa gaba ɗaya, ya roƙi Allah sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Shi rowa ya yi? Mutum ɗaya na samu a Ayyukan Manzanni da ya zo da tunanin waƙarka, ya so ya sayi baiwar Allah. Sunansa Siman, kuma mai sihiri ne. Je ka karanta amsar da Bitrus ya ba shi, ni kunya ba za ta bar ni in maimaita maka ba.

Baiti na uku shi ne ya sa na tashi na fita waje na tofar da yawu:

"In ka ji kuka gidan maƙwabci,
tambayi hannunsa me ya riƙe."

Tir. Wannan ba bishara ba ce, bakin matan da suka ƙi cin tuwo da kakarka ne, ka sa masa jita da ganga. Almajiran Yesu sun taɓa yin irin tambayar nan a kan mutumin da aka haifa makaho: laifin wa, nasa ko na iyayensa? Yana nan a Yohanna sura tara. Ubangiji ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Ya rufe wannan bakin da kansa, kai ka zo ka buɗe shi, har da amshi.

Kuma wane maƙwabci kake nufi? Babanku ne? Mutumin da kowace kaka daminsa ne na farko a coci, ya zaɓi mai manyan zangarniya, har dattawa na yi masa ba'a wai Allah ya fi iyalinsa cin dawa mai kyau. Damina biyu yana kwance, ciwo ya kwana a gidanmu, ya wuni, ya sake kwana. Kai ne kake juya shi a kan tabarma. Je ka kabarinsa ka tambayi hannunsa me ya riƙe. Abin da na ga ya riƙe a ranar ƙarshe shi ne hannunka. Yana cewa, "Ubangiji bai yi mana alkawarin ba za mu sha wahala ba, ya dai ce yana tare da mu."

Lahadin da ta wuce zumunta ta tashi da waƙarka. Na buga baitin farko da ƙarfina. Da aka zo na biyu, na kife tulun a ƙasa, na naɗe hannu. Kiɗa ya watse. Shugabar zumunta, Saratu, ƙawata tun muna 'yan mata, ta raɗa mini, "Ke kuma yau wane iska ya hau ki? Ɗanki ne fa!" Na ce shi ya sa. Bayan sujada wasu suka ce ina baƙin ciki da ɗaukakar ɗana, wasu suka ce tsohuwa ta koyi karatu jiya, yau tana gyara wa masu digiri. Su faɗa. Fasto ya ce a dakatar da waƙar sai dattawa sun duba. Amma Fasto ba shi da iko da wayoyin mutane, kuma ba shi da iko da zuciyar Rahila.

Ga inda nake tsoro, ɗana. Na zaunar da Rahila, na karanta mata duk ayoyin nan da yatsana. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Inna, Yaya ya fi ki karatu. Da ba haka ba ne, da bai rera ba." Har yanzu gani take rowarta ce ke cin jinin 'yarta. Na ga tana kallon keken ɗinkinta da wani irin ido. Sanyi ya kusa, kuma ka san da sanyi ciwon Murna ya fi tashi. Ranar likita saura kwana tara. Ni ba za ta ji ni ba. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance.

Ban ce ka daina waƙa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na san muryar nan tun tana kukan nono. Na tuna kana aji uku, kai ne ka fara zana mini harafin sunana da tsinke a ƙasa, kana riƙe da yatsana kana cewa, "Inna, a hankali, kada ki tsallake layi." Ban tsallake ba, Nomau. Kai ne ka tsallake. Ban ce da mugunta ka yi ba. Ina jin ka ga irin waƙar da ke sa jama'a tsalle, ka bi, ba ka san za ta iso har gonar babanku ta tarar da ƙanwarka ba.

Abu biyu nake roƙo. Ka kira Rahila kafin kwana taran nan, ka gaya mata da bakinka cewa baitin nan kuskure ne, ta kai yarinya asibiti. Sannan ka zo godiyar kaka, ka tsaya a gaban ikilisiyar da ta yi maka baftisma, ka rera waƙar da gyara. In kuwa ka ga babu abin gyarawa, to ka zo duk da haka. Zan zaunar da Rahila da Murna a benci na gaba, ka rera baiti na uku kana kallon idonsu.

Ubangiji wanda ya karɓi kakarka hannu wofi ya tsare ka. Ya tsarkake bakinka, ya ba ka waƙar da mai ciwo zai iya rerawa a kan gadon asibiti ba tare da ya ji an zage shi ba. Ya taɓa Murna, ya kwantar wa Rahila da hankali, ni kuma ya gafarta mini Lahadi shida ɗin nan. Amin.

Zakaran yana nan. Na kwance masa ƙafafu, yana ta bin kajin maƙwabta, ya cika mana gida da cara. Ba za a kai shi gindin kowace bishiya ba, ba za a sayi komai da shi ba. Ranar da ka zo zan yanka shi, in yi miyar kuka da tuwon sabuwar dawa, in ba Murna cinya. Kai ma za ka ci. Kada ka kawo mini komai, ka zo hannu wofi.

Ni ce mahaifiyarka,
wadda ta kife tulu tana jiranka.