Sabon Jinin Auta

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ke da maigida da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara muku kwanciyar hankali. Mu ma nan lafiya lau, Baban yara ya samu sauƙin ƙafar nan, har ya koma shago.

Yaya, albishirinki. Dashen ɓargon da aka yi wa Auta ya kama! Kin fi kowa sanin yadda sikila ta wahalar da yarinyar nan, ke da kika sha riƙe mata ƙafafu tana kuka. Da aka ce ɓargon yayanta Dogo ya dace da nata, na ƙi sa rai, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Watannin da ta yi a killace, ta bayan gilashi nake kallonta, gashi duk ya zube, ni kuwa abinci ba ya wuce min.

Jiya muka koma asibiti. Likitar ta ja ni ɗakin gwaji, ta ɗiga jinin Auta a kan ɗan gilashi, ta sa shi ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ta ce in leƙa. Ashe jinin nan gari guda ne! Ta ce jajayen ƙwayoyin su ke dakon iskar da muke shaƙa zuwa ko'ina a jiki, farare su ne sojojin da ke yaƙar cuta, wasu 'yan mitsi-mitsi kuma ke toshe rauni in an yanke, duk suna iyo cikin wani ruwa mai kai abinci, kuma ɓargo ne ke ƙera su. Ta nuna min tsohon hoton jinin Auta, ƙwayoyin a lanƙwashe kamar lauje, shi ya sa suke maƙalewa a jijiya. Na jiya kuwa zagaye suke, sumul. Ban san lokacin da na rungume baiwar Allahn nan ba, har tabaraunta ya faɗi.

Wai har rukunin jininta ya koma irin na Dogo. Tun a mota yake cika baki, wai yanzu dole ta riƙa wanke masa takalmi tunda jininsa take yawo da shi. Ita kuwa ta ce in ta fara taurin kai, mun san inda ta kwaso shi. Likitar ta ce mu ci gaba da magani da taka-tsantsan, ba a gama ba tukuna. Amma yau da safe na aike ta ɗauko bokiti, sai na ga ta tafi a guje. Na buɗe baki zan hana ta gudu kamar yadda na saba, sai na fasa, na bar ta.

Ki gaida min maigida, da Gwaggo, da 'yan biyu, da Kawu in ya leƙo. Auta ta ce ki taho mata da igiyar tsalle.

Taki har kullum,
Maman Auta