Takardar da Aka Dangwala Yatsana a Kai

Zuwa ga Mai Girma Darektan asibitin da aka yanke mini ƙafa, Tamanrasset.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka.

Sunana Laminu Ɗan Jimma, mutumin Damagaram, magini, mazaunin unguwar Gataa El Oued. Shekarata goma sha ɗaya ina ɗora birgi, wato bulo, a garin nan. Ba rigima ta sa na rubuto ba, ba ni ma da ƙarfinta. Abin da ya faru kawai zan faɗa.

Na ɗaya. Ƙusa na taka a shantiye, wurin ginin da muke aiki, ga ciwon sukari a jikina. Na yi ta ɗaure wurin da tsumma ina fita aiki, har ƙafar ta yi baƙi ta fara wari. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Ranar Lahadi aka kwantar da ni a wurinku.

Na biyu. Ranar Litinin likitoci biyu suka tsaya a kaina, suka buɗe ƙafar, suka yi magana da Faransanci a tsakaninsu, suka wuce. Ni Larabcina na wurin aiki ne: siminti, ruwa, kawo, ajiye. Talata da hantsi wani ma'aikaci ya zo da takarda. Na gane aiki za a yi mini. Na kwatanta masa da hannu, ko wanke ciwon za a yi? Ya ce in sha Allahu alheri. Shi da kansa ya kama babban yatsana ya sa a tawada ya danna.

Na uku. Laraba da la'asar na farfaɗo. Na ji yatsan ƙafata ta hagu yana ƙaiƙayi, na miƙa hannu in sosa, na tarar daga gwiwa zuwa ƙasa katifa ce. Ban yi kuka ba. Na mayar da bargo na kwanta. Washegari wata baiwar Allah 'yar Agadas mai share ɗakin, wadda ke jin Larabci da Hausa, ta tambayo mini, ta ce ruɓa ce ta hau, da an bari da ta kashe ni. Matar nan kullum da safe sai ta share ƙarƙashin gadona. Ba wanda ya kira ta ta yi mini fassara kafin aikin.

Na huɗu. Alhaji Sabi'u mai shago, wanda nake kwana a bayan shagonsa yanzu, ya tambayar mini masana. Sun ce dokar ƙasar nan ba ta yarda a yi wa mutum aiki ba sai an yi masa bayani ya gane ya amince, in ba yana halin da ba zai iya magana ba kuma rai na kan hanya. Ni kwana uku ina cikin hankalina. Na ci abinci, na yi salla, na amsa gaisuwa.

Na yarda ƙafar ba za ta tsira ba. Da an faɗa mini, ina jin da na amince. Sai dai da na kira matata Hadiza na gaya mata da bakina, ba ta ji a bakin wani direba ba. Da na roƙa a kama ni in yi raka'a biyu a tsaye.

Wata huɗu ke nan. Masu zuwa dubiya suna tambaya ko ina fushi. Nakan duba zuciyata, ban sami komai ba. Ina zaune, rana ta fito, rana ta faɗi.

Ga roƙona. A ba ni kwafin takardar nan a karanta mini, in san abin da aka ce na yarda da shi. A riƙa nemo mai fassara kafin a kama yatsan wani, garin nan cike yake da masu jin harsunanmu. Sannan a faɗa mini inda aka kai ƙafar. Sau uku ina tambaya, kowa ya tura ni wani buro, wato ofis. In an binne ta, a nuna mini wurin. In ba a binne ba, shi ma a faɗa mini, zan iya ji.

Allah ya ba ka lafiya, ya tsare ka da iyalinka. In ranar kwanciyarka ta zo, Allah ya haɗa ka da wanda zai yi maka bayani da harshenka.

Wassalam.

Laminu Ɗan Jimma,
Gataa El Oued, Tamanrasset.