Babi na Sha Bakwai Bai Iso Ba

Kiru, Jihar Kano.

Zuwa ga Yaya Muzammil,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Fa'iza da yara, ya ƙara rufa muku asiri a can Fatakwal. Mu nan sai godiya. An gama yankan dawa, ƙafar Inna ta yi sauƙi, idon Baba kuwa yana nan yadda ka bar shi: yana ganin haske, ba ya ganin rubutu.

Yaya, maganar memorin rediyon Baba ce ta sa na ɗauki biro, tunda a waya kullum kana wurin aiki. Allah ya saka maka da ka zauna ka karanta wa Baba littafin falken nan da bakinka, ka naɗa ka turo. Amma fisabilillahi, wane irin suna ka sa wa babobin? Wani sabo, wani sabo na biyu, wani wai na gaske. Rediyon Baba ba ruwanta, wanda ta fara cin karo da shi take kunnawa. Haka Baba da amininsa Malam Ladan suka zauna a zaure bayan la'asar, suka ji an binne falken, can kuma ga shi yana cinikin goro, daga baya aka raɗa masa suna. Malam Ladan ya ce ai tagwaye ne, Baba ya ce mafarki ne, suka yi ta musu har aka kira magariba.

Ranar da na je karɓo sakamakona, Kawu Lawal ya kai memorin wurin mai turin waƙoƙi a Kwanar Dangora wai a gyara. Mutumin bai gyara komai ba, ya dai ga akwai sauran wuri ya cika shi da waƙoƙin biki. Ana tsakiyar jana'izar falken sai ga kalangu ya ɓarke a zaure, Inna ta fito da gudu ba mayafi.

Na goge waƙoƙin, na saurari kowane babi daga farko har ƙarshe, na sa musu lamba a jere, da sifili a gaban na ɗaya zuwa na tara, don in ba haka ba rediyon daga na ɗaya sai ta tsallaka na goma. Na ajiye kwafi a kwamfutata. A nan na gano babi ashirin da huɗu ka ambata a gabatarwa, ashirin da uku ne a hannuna. Na sha bakwai babu shi. Baba ya ce ni na goge da ƙwaƙwata, amma na koma kan ainihin saƙon da ka turo, har sau biyu, can ma babu.

A ƙarshen na sha shida falken yana cikin kwalekwale, kogi ya cika, an fara hadari. Na ce wa Baba mu wuce zuwa na sha takwas tunda dai mun san ya tsira, ya ce shi ba ya tsallake mutum a cikin ruwa. Ya naɗe rediyon a tsumma ya ajiye a kan taga. Malam Ladan ya zo sau da dama ya tarar ba a kunna ba, yanzu ya daina zuwa. Baba shi kaɗai yake wuni a zaure, abinci ma sai Inna ta yi da gaske. Wannan ne ke hana ni sukuni, ga shi wata mai kamawa zan tafi sansanin bautar ƙasa, kuma ba wanda zan bar wa aikin nan hankalina ya kwanta.

Don Allah ka karanta babin nan, ka sa masa lamba sha bakwai kawai, ka turo mini, ba Kawu ba. Da na gaya wa Baba zan rubuto maka, sai ya ce in shaida maka, idan turowar ta gagara, akwai tabarma a zaure, ka zo da littafin ka karanta masa a nan.

Inna da Kawu Lawal suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Anti Fa'iza, ka shafa kan Zahra'u da Imran. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Rufaida